An ce in rubuta labarin kaina, ni kuma ban ga abin faɗa ba

'Yar Gwammaja:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Don Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon zancen.

Bana na gama sakandare. Sakamakon WAEC ya fito, alhamdu lillahi ya yi kyau, musamman lissafi da ekonomiks. Na zana JAMB na zaɓi BUK, ina jiran abin da Allah zai yi. To malamarmu ta lissafi ce ta dage sai na gwada neman gurbi a jami'o'in Amurka masu ɗaukar nauyin ɗalibi, ita ta zaunar da ni muka buɗe Common App, shafin da ake neman jami'o'in Amurka da yawa ta cikinsa, a kwamfutarta. Suna, makaranta, darussa, duk na cike. Inda na maƙale shi ne insha'in da suke so mutum ya rubuta a kan kansa. Kalma 650 ce iyakarsa, amma tun watan Agusta nake buɗe shafin ina rufewa, ko layi ɗaya na kirki ban ajiye ba.

Damuwata ta farko, ban ga abin faɗa a rayuwata ba. Daga gida sai makaranta, sai Islamiyya, sai gida. Na karanta irin waɗanda ake sakawa a intanet: wannan ya kafa ƙungiyar agaji, wancan ya ƙera na'ura, waccan ta wakilci ƙasarsu a gasa. Ni kuwa Abbanmu shagon yadi na wani yake tsarewa a Kwari. Ummanmu uwar adashi ce a layinmu, ni nake riƙe mata littafin zubi tun ina ƙaramar sakandare, sai girki da kula da ƙanne. Shi ke nan.

Ta biyu ita ta fi hana ni barci. Wata ƙawata ta kai ni wurin wani mai cike wa ɗalibai fom ɗin fita waje. Ya ce Turawa labarin tausayi suke so, musamman daga mace 'yar Arewa. Wai in ce an so a cire ni daga makaranta a yi mini auren dole, na yi ta faɗi-tashi har na tsira. In na biya shi zai rubuta gaba ɗaya, ni dai in ɗora kawai. Wallahi zuciyata ba ta kwanta ba. Abban nan nawa sai da ya biya kuɗin jarrabawata kafin ya ɗinka wa kansa kayan Sallah, kuma shi ya raka ni cibiyar JAMB ya tsaya a rana har na fito. Ta yaya zan mayar da shi azzalumi a takarda? Amma kuma ina tsoron in faɗi gaskiya su ga ba ta da armashi su ture takardata gefe.

Ta uku kunya ce. An tashe mu a kan cewa yabon kai jahilci ne. Duk jimlar da na fara da "ni ce na yi" sai in ji nauyi in goge.

Wanda ya san kan abin nan don Allah ya taimaka mini. Na gode.

Yaya daga Fagge (ta yi digirin farko a Amurka):

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin komai, kada ƙafarki ta sake taka wurin mutumin nan. Lokacin da za ki tura takardarki akwai inda za ki sa hannu cewa duk abin da ke ciki gaskiya ne kuma aikinki ne. In aka gano ƙarya suna iya janye gurbin ko da sun riga sun ba ki. Kuma ba insha'in kaɗai suke karantawa ba. Malamarki za ta rubuta takardar shaida a kanki, makarantarku za ta aika nata bayanin, wasu jami'o'in ma sukan haɗa ki da tsohon ɗalibinsu ya yi hira da ke. Ke kin ce an hana ki boko, malamarki ta rubuta cewa mahaifinki ba ya fashin taron iyaye, wanne za su ɗauka? Ban da haka, duk mai irin wannan sana'ar labari ɗaya yake sayar wa kowace yarinya, suna kawai yake canzawa.

Ga yadda abin yake. Common App suna ba da tambayoyi bakwai ki zaɓi ɗaya, kalma 250 zuwa 650. Akwai wadda ke tambayar wani abu na asalinki ko tasowarki ko baiwarki da ba za a fahimce ki ba sai da shi. Akwai ta cikas ko faɗuwa da abin da kika koya. Akwai ta abin da ke ɗauke miki hankali har ki manta da lokaci. Ta bakwai kuma sun ce ki rubuta a kan duk abin da kika ga dama. Don haka kada tambayar ta ɗaure ki. Ki nemo labarin tukuna, daga baya ki duba wacce ta dace da shi.

Mai karantawa ya riga ya ga makinki a wani shafin. Abin da yake nema a nan shi ne ya ji yadda kike tunani, da irin mutumin da za a zauna da shi a aji da ɗakin kwana shekara huɗu. Takardu ne jibge a gabansa, yawancinsu kuma kama ɗaya ne.

Yanzu ki koma ki karanta saƙonki. Kin ce ba ki da labari, sai kika wuce ta kan littafin adashi a rabin jimla. Yarinya tun tana ƙaramar sakandare tana riƙe da lissafin kuɗin matan unguwa guda! Ni a nan na tsaya. Ki ba mu amsa: zubin kullum ne ko na mako? Wa ke tsara wadda za ta fara kwasa? In wata ta gaza zubi me ake yi? An taɓa yin ranar da lissafi ya ƙi cika? Me kika yi ke da kanki a ranar?

Ɗan Kurna:

Yaya ki yi haƙuri in ɗan saɓa miki. Ƙarya kam ban goyi baya ba. Amma gaskiya ita ce tallafi take nema, kuma mai neman tallafi dole ya nuna yana da buƙata. In ta tsaya tana ba da labarin littafi da biro, ta ina za su san gidansu ba za su iya biyan dala dubu barkatai ba? Ni ina ganin ta bayyana halin rashin da ake ciki, rashin wuta, karatu da fitilar waya, tsadar adaidaita zuwa makaranta. Ai ba ƙarya ba ne, duk mun sha.

Yaya daga Fagge:

Maganarka tana kan hanya ɗan'uwa, sai dai kowane bayani da gurbinsa. Batun kuɗi fom ɗinsa daban. Jami'o'i da yawa suna amfani da CSS Profile, wasu kuma suna da nasu, a can za ta rubuta abin da Abba yake samu, mutum nawa ke ci a gidan, da abin da za su iya bayarwa. A cikin Common App ɗin ma akwai wurin ƙarin bayani inda za ta iya faɗin duk wani yanayi da ya shafi karatunta, a taƙaice ba tare da ado ba. Ko kuɗin tura takardar ma akwai inda ake neman a yafe wa marar hali.

Harvard da Yale da Princeton da MIT da Amherst suna cikin jami'o'i 'yan kaɗan da ba sa duba aljihun ɗalibin waje lokacin yanke hukuncin ɗauka. Sauran da yawa suna dubawa, kuma hakan na sa gasar ta ƙara zafi ga mai neman cikakken tallafi. To a irin wannan gasar, kusan duk wanda ya nema daga ƙasashenmu ya yi karatu da fitilar waya. In rashin wutar ya shigo cikin labarinta da kansa, ta bar shi ya shigo. Amma kada ya zama shi ne labarin.

'Yar Gwammaja:

Na gode Yaya, Allah ya saka da alheri. Bari in amsa yadda na iya.

Zubin kullum ne. Mata sun haura talatin: mai awara, mai kitso, masu ɗinki, mai sayar da kayan miya a soro. Bayan la'asar suke aiko yara da kuɗin, ni kuma in sa alama a gaban sunan kowa. A littafin ba sunan yanka muke rubutawa ba, sunan da aka san mace da shi a layi ne, Maman wane, Amaryar gidan wane. Wata hannu ɗaya take zubawa, wata biyu, wasu biyu kuma su haɗa hannu ɗaya.

Ranar da lissafi ya ƙi cika kuwa an yi ta, lokacin canjin kuɗi a farkon 2023. Takardar kuɗi ta ɓace, yara suka daina zuwa da zubi. Sai aka koma turowa ta waya. Umma ba ta da asusun banki a lokacin, sai aka riƙa turawa a na Abba, shi kuma ba ya dawowa daga kasuwa sai dare. Matsalar ita ce yawancin matan ma ba su da asusu. Wata ta na mijinta za ta turo, wata ta na ɗanta, wata ta ba mai POS. Sai alat ya shigo da sunan wani namiji da ba mu taɓa ji ba, ga kuɗin duk iri ɗaya.

Ana nan kwasa ta zo kan wata da za ta yi wa 'yarta kayan ɗaki, kuɗi ya ƙi cika. Mata biyu suka rantse sun turo. Umma ta yi shiru ta shiga ɗaki, na ga ta fito da 'yan kunnenta na gwal ta ƙulle a gefen zani, don dokar ita ce in an sami giɓi uwar adashi ce ke cikawa. Na roƙe ta ta ba ni zuwa gobe. Da Abba ya dawo na karɓi wayarsa na kwafe duk alat ɗin da lokacin shigarsu a wata takarda. Washegari bayan makaranta na bi gida-gida ina tambayar kowacce da sunan wa take turowa. A nan na gano ɗaya mai POS ne ya haɗa nata da na maƙwabciyarta ya turo a dunƙule, mu kuma muka rubuta wa mutum ɗaya hannu biyu. Ɗayar kuma kuɗin ya fita daga asusun ɗanta amma bai iso ba, daga baya ya koma masa bai lura ba.

Daga nan na ba kowace mace lamba. Na ce duk mai turowa ta ɗora lambarta a kan kuɗin: mai lamba bakwai ta turo 507 maimakon 500, mai lamba sha biyu ta turo 512. Ko da sunan wa ya shigo, da na ga ƙarshen kuɗin na san tawa ce. Ɗorin kuma muna tara wa mace mu mayar mata ranar kwasarta. Har yau haka muke yi.

Abin da ya tsaya mini a rai tun lokacin shi ne, ba takarda aka sa wa hannu ba, ba shaida ba jingina, amma da wuya ki ga wadda ta kwasa ta gudu. Kuma waɗannan matan sun fi yarda su ba Umma kuɗinsu a kan su kai banki. Na daɗe ina son in san dalili, shi ya sa ma nake son karanta ekonomiks. Amma Yaya wannan ai harkar cikin gida ce, anya ta isa a kai wa jami'a?

Malamin Turanci, Gyaɗi-Gyaɗi:

'Yata, ta isa har ta yi yawa. Abin da kika rubuto mana yanzu, ba tare da kin san kina yi ba, shi ne zubin farko na insha'inki. Na daɗe ina koyar da 'yan aji shida, bari in gaya miki inda yaranmu suke tuntuɓe.

Mun horar da ku a kan insha'in WAEC: gabatarwa, dalili na ɗaya, na biyu, na uku, kammalawa, a zuba manyan kalmomi don mai maki ya ga an sha ƙamus. Wannan ba irinsa ba ne. Kada ki fara da ranar haihuwarki da sunan unguwarku. Kada ki fara da maganar wani shahararren mutum. Kada ki fara da bayanin cewa ilimi shi ne ginshiƙin ci gaba, kowa ya san haka. Ki fara daga inda abu yake faruwa. In ni ne, daga lokacin da Umma ta fito da 'yan kunnen nan zan fara, ko daga zamanki da wayar Abba da daddare kina kwafar sunayen mazan da ba ki sani ba. Sai ki bayyana yadda adashi yake aiki a jimla ɗaya ko biyu, don mai karatun bai san shi ba, ki wuce.

Sannan ki kula da rabo. Yara da yawa sukan cinye kalmominsu wajen ba da labari, sai a layi biyu na ƙarshe su ce sun koyi haƙuri da juriya. Wannan ba ya gaya wa kowa komai. Sakin layinki na ƙarshe, inda kika ce ba takarda ba jingina amma ba a gudu, nan ne zuciyar rubutun. Ki zauna a kansa. Me kike zaton yana riƙe matan? Kunyar haɗuwa a gidan suna da biki? Sanin cewa gobe ma za a buƙaci juna? Me ya canza da kuɗin ya daina bi ta hannun yara ya koma waya? Ba sai kin san amsar ba. Su ga dai tambayar tana cin ki da gaske.

Kuma kada ki rubuta cewa ke mai amana ce ko mai hazaƙa. Lambar 507 ta riga ta faɗa.

Dabara ɗaya da nake ba ɗalibaina: ki ɗauki waya ki naɗi muryarki kina ba ƙawarki labarin da Hausa. Ki saurara, ki lura da inda muryarki ta ɗaga. Sai ki ajiye wayar ki rubuta da Turancin da kike iya magana da shi, ba fassara layi-layi ba. In kin gama ki karanta da ƙarfi. Duk kalmar da bakinki ya yi tuntuɓe a kanta, ba taki ba ce, ki cire.

Hajiya daga Mandawari:

'Yar nan Allah ya yi miki albarka, ya raya ki. Ni ban san kan karatun Turai ba, amma adashi na san shi, na fi shekara ashirin ina riƙewa. Abu biyu zan gaya miki.

Kuɗin mata sirri ne. A cikin waɗanda ke zubi wurin uwarki akwai wadda mijinta bai san tana yi ba, akwai wadda kishiyarta ba ta sani ba. Ko da takardar ƙasar waje za ta, kada ki sa sunan kowa, ko laƙabin da za a gane ta da shi. Maganar 'yan kunnen nan kuma ta uwarki ce, ba taki ba. Ki same ta a ɗaki ku biyu, ki gaya mata abin da kike son rubutawa, ki fassara mata da Hausa tun daga farko har ƙarshe. In ta ce cire kaza, ki cire ba musu. Sannan ki kai wa mahaifinki shi ma ya ji, ya sa albarka.

Na biyu, kada ki manta matan nan ba littafi suka yarda da shi ba, uwarki suka yarda da ita. Shekaru ta yi tana gina wannan mutuncin kafin ki iya riƙe biro. Ki ba ta haƙƙinta a cikin rubutun.

Shi kuma wancan mai son ki yi wa ubanki ƙazafi don kuɗi, Allah ya shirye shi. Zanen aro ba ya rufe katara.

Yaya daga Fagge:

Hajiya Allah ya ƙara girma, maganar neman izini ta fi duk abin da na faɗa muhimmanci. Ƙari ɗaya kawai ƙanwata: ki ba Umma haƙƙinta kamar yadda Hajiya ta ce, amma ki kula kada insha'in ya koma tarihin Umma. Yara da yawa sukan rubuta a kan uwa ko kaka, rubutu mai daɗi, a gama karantawa an san uwar sarai ba a san mai neman gurbin ba. Umma ta bayyana a yadda kike kallonta da abin da kika ɗauka a wurinta.

Malamin Islamiyya, Ƙofar Na'isa:

Bismillah. A kan batun kunya da yabon kai nake son in ce wani abu, don kada ya zame wa yarinyar nan shamaki.

Gaskiya ne Alƙur'ani ya hana mutum tsarkake kansa, yana nan a Suratun Najmi aya ta 32. Wannan shi ne mutum ya riƙa shelar taƙawarsa da fifikonsa a kan bayin Allah. Amma a Suratu Yusuf aya ta 55, Annabi Yusuf alaihis salam da bakinsa ya nemi sarki ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma faɗi dalili, cewa shi mai tsarewa ne masani. Malamai sun kafa hujja da wannan a kan halaccin mutum ya faɗi abin da ya iya idan buƙata ta kama, matuƙar gaskiya ne kuma ba alfahari ya nufa ba. Mutanen nan su suka tambaye ki, ba su san ki ba, ba kuma mai gaya musu in ba ke ba. Ki faɗi abin da kika yi yadda ya faru, ba ƙari ba ragi.

Wadda za ki ji wa tsoro ita ce ɗaya hanyar, ta mai cike fom ɗin nan. Hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa wanda ya yi ha'inci ba ya cikinmu. Ga ha'inci ga kuma ƙarya a kan mahaifi, sannan duk abin da aka samu ta wannan hanyar a kansa za a gina karatu da aiki da abincin da za a ci. Ki yi istihara, ki ci gaba da abinki. Allah ya zaɓa miki mafi alheri.

Injiniya daga Hotoro:

Ƙanwata in ƙara miki wani abu, ko da za ki waiwayi wasu ƙasashen. Kada ki ɗauki insha'in nan ki tura Ingila yadda yake. Can ta UCAS ake nema, wato shafinsu na neman gurbin jami'a, kwas biyar ne iyaka, kuma rubutu ɗaya ne yake zuwa wa dukkansu, don haka ba a ambaton sunan jami'a a ciki. Haruffa 4,000 suke ƙirgawa, ba kalmomi ba. Daga masu shiga a 2026 sun raba shi tambaya uku: me ya sa kike son wannan kwas ɗin, yaya karatunki ya shirya ki, sannan me kika yi a wajen aji da zai taimaka. Su kwas ɗin ne a gabansu, ba labarin rayuwa ba. Adashin zai shiga, amma a matsayin hujjar cewa ekonomiks ɗin ya kama ki tun kafin jami'a. Suna kuma da manhajar da ke gano rubutun da aka kwafa.

Sai dai in gaya miki gaskiya, cikakken tallafi a digirin farko yana da wuyar samu a Ingila, kuma jami'o'i da yawa sai mai WAEC ya yi shekarar share fage tukuna. In tallafi ne dole, ki duba jami'o'in da ke cikin shirin tallafin karatu na Mastercard Foundation, irin su Ashesi da ke Ghana. Su ma suna neman rubutu a kan kai, kuma labarinki zai zauna daram a can.

Ɗalibin BUK:

Tambaya don Allah, ni ma ƙanina yana kan wannan hanyar. In mutum ya rubuta da kansa sai ya ba ChatGPT ya gyara masa Turancin, shi ma laifi ne?

Malamin Turanci, Gyaɗi-Gyaɗi:

Common App sun sa gabatar da abin da irin waɗannan manhajojin suka rubuta a matsayin aikinka cikin abubuwan da suke ɗauka maguɗi ne. Jami'o'i kuma kowacce da nata ƙa'idar a kan iyakar taimakon da ta yarda da shi, sai ya duba shafin wadda yake nema. Ni abin da na gani da idona a rubutun ɗalibaina shi ne, da zarar an ce wa na'urar ta gyara, sai ta goge duk abin da ya sa rubutun ya zama na yaron. Jimlolin su yi sumul, amma ka karanta goma ka rasa na wane ne. Gara ya kai wa malaminsa ya ja masa layi a ƙarƙashin kurakuran nahawu, shi ya gyara da hannunsa.

'Yar Gwammaja:

Iyayena da yayyena na gode, Allah ya bar zumunci. Na zauna da Umma kamar yadda Hajiya ta ce. Ta yarda, har da maganar 'yan kunnen, sai dai ta ce kada in faɗi abin da matar za ta yi da kuɗin, don duk layinmu an san wadda ta aurar da 'ya a lokacin. Na cire. Abba ma ya ji, ya sa albarka.

Na yi yadda Malam ya ce, na naɗi murya sannan na rubuta. Yanzu matsalar ta juye, rubutun ya haura iyaka sosai. Na sa bayanin canjin kuɗin da yadda aka sha wahala a gari, na sa yadda nake koyar da ƙananan yara a Islamiyya, na kuma rufe da cewa ina son in dawo in taimaki matan Arewa. Wanne zan yanke? Kuma Yaya, yaushe ne ake rufewa?

Yaya daga Fagge:

Madalla ƙanwata. Bayanin canjin kuɗin ki mayar da shi jimla biyu: an sauya manyan takardun naira, kuɗin hannu ya yi ƙaranci, mutane suka koma turawa ta waya. Ya wadatar. Wahalar gari ba ke kika jawo ta ba kuma ba ke kika magance ta ba, layinku kawai za ki nuna.

Koyarwar Islamiyya ki fitar da ita daga insha'in gaba ɗaya, ba don ba ta da daraja ba, sai don tana da wurinta. Akwai shafin ayyuka inda ake jera abu har goma, kowanne da bayanin haruffa 150. Ki sa ta a can. Riƙon littafin da kula da ƙanne ma ki sa su, akwai rukunin ɗawainiyar iyali musamman don irin wannan.

Rufewar nan ta taimakon matan Arewa kuwa, na san har zuciyarki kike nufi, amma kusan kowa haka yake rufewa. Ki ƙanƙance ta. Wace tambaya ce takamaimai a kan adashi kike son karatu ya taimake ki ki amsa? Ki tsaya a kanta.

Batun lokaci: zagaye biyu ake nema, na wuri da na gama-gari. Masu neman farko yawanci 1 ga Nuwamba ne wa'adinsu, wasu 15. Ki kula, a cikin neman farkon akwai mai ɗaure mutum, in sun ɗauke ki kin yi alkawarin zuwa, don haka ki karanta sharaɗin da kyau ke da malamarki kafin ki zaɓa. Neman gama-gari kuma yawanci farkon Janairu ne. Kowace jami'a ki duba ranarta a shafinta. Da yawansu suna da ƙananan tambayoyi nasu ban da babban insha'in, irin su me ya sa kika zaɓe mu, kada ki bar su sai daren ƙarshe ga halin wuta da netwok ɗinmu. MIT ma ba ta amfani da Common App, fom ɗinta daban. Ki tuna wa malamarki takardar shaida tun yanzu. EducationUSA, cibiyar gwamnatin Amurka ta masu neman karatu a can, suna ba da shawara a kan duk wannan, suna Abuja da Legas.

Sannan kada ki saki BUK. Dokokin bizar Amurka ga 'yan Najeriya sun yi tsauri kuma suna yawan canzawa, samun gurbi daban samun biza daban. Ki ci gaba da bibiyar tantancewarki a nan, in gurbi ya fito ki karɓa ki yi rajista, ki kuma gwada Ashesi ɗin da Injiniya ya ambata.

In kin rage shi ya dawo ƙasa da 650, ki turo mini ta bayan fage kafin ƙarshen mako. Zan nuna miki wuraren da ban gane ba da inda na ji kin yi sauri, amma gyaran jimla ke za ki yi da hannunki.